Rumbu Ɗaya a Tungar Alheri

Kankiya,
ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Zainabu da 'yar takwarata. Allah ya kai ku inda za ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare ta, ya sa ku sauka da ƙafar dama.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali har zuwa jibi gida ɗaya muke kwana. Dalili shi ne na san halina, na kuma san naka. In na fara da baki zan yi ta kewaye-kewaye, kai kuma ka sunkuyar da kai kana cewa "To, Inna" har in gaji in sallame ka. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma idona ba kamar da ba.

Ranar da abokanka suka zo kuka zauna a zaure, ina tsakar gida ina tankaɗe, kuma duk abin da kuka faɗa ya shiga kunnena. Na ji yadda kuka tsara zaman gonar haɗin gwiwar da kuka samu can wajen Kontagora: kowa zai yi aiki, sito ɗaya za ku yi, ba ƙarya, ba cuta, wanda ya karya doka a sallame shi. Na ji kuma sun ce kai za ka riƙe hukunci, saboda ba ka da kwana-kwana. Ka shigo kana murmushi ka faɗa mani, na ce Allah ya taya riƙo. Abin da ban faɗa ba a ranar shi ne wannan.

A irin wannan gari aka haife ka. Ka san sunan Tungar Alheri, ka san can aka binne cibiyarka, amma mun taso kana ƙarami, kuma mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai cika son maganar wurin ba. To bari ka ji daga bakin wadda ta zauna.

Malam Isiyaku ne ya kafa garin. Ba wani babban malami ba ne, manomi ne mutumin Bauranya da ya ga yunwa da idonsa tun yana saurayi, har ta ci ƙannensa. Abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Da ya manyanta sai ya nemi izini aka ba shi wata fadama tsakanin Bauranya da Yashe wadda ƙaya ta cinye, ba mai nomanta. Ya bi gida-gida yana neman magidantan da za su bi shi su kafa garin da ba za a ƙara kwana da yunwa ba. Mahaifinka yana cikin na farko da suka amsa. Ni lokacin ina amarya, lallen ƙafata bai gama fita ba aka ɗora kayana a amalanke.

Dokokin garin ba a rubuce suke ba, amma ko yaro ya san su. Kowa da gonarsa, sai dai gayya ake yi wa kowace gona, ka je ta wani a zo taka. In kaka ta yi, kowane gida ya kai kasonsa babban rumbun gari da ke tsakiya, daga nan ake ba mara lafiya da wadda mijinta ya rasu da baƙo, daga nan kuma ake fitar da iri. Ba mai sayar da hatsi sai damina ta zauna kuma taron gari ya yarda. Ba a sa kwaɗo a ƙofa. Ba a roƙo, domin Malam Isiyaku ya ce roƙo zubar da mutunci ne, kuma a garinmu ba wanda zai rasa. Wanda ya yi sata ko ya yi wa taro ƙarya, ya kwashe kayansa.

Kada ka zaci zan ce maka abin bai yi ba. Ya yi ƙwarai. Ƙasar sabuwa ce, gero ya yi tsawon da mai doki zai ɓace a ciki. Da rani muka shiga fadama da albasa da tumatir da alkama. Ba a daɗe ba gari ya sayi shanun huɗa, ya sayi injin ban ruwa, daga baya har injin niƙa. Ɗakunan ciyawa suka koma na kwano. Na sha barin kwanukana a bakin rijiya su wuni, in dawo in iske an wanke mani su. Ban taɓa jin an zagi wani a bainar jama'a ba. Ranar kasuwar Kankiya, in aka ce mutumin Tungar Alheri ne ya auna hatsi, mai saye ba ya sake aunawa. Har baƙi suka riƙa zuwa da motoci su ga yadda muke zaune, mu kuma mu share gari mu sa zannuwan fita. Duk tsawon rayuwata ban ƙara zama inda na ci na ƙoshi hankali kwance kamar can ba.

Kuskurena na farko daga ƙoshin nan ya fito. Na ɗauka wadatar da muke ciki shaida ce cewa mun fi sauran mutane kirki. Ban taɓa faɗa da baki ba sai shekarar da ciyawar wuta-wuta ta cinye gonar yayana Sule a Kafinsoli, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Ya zo wurina a kan keke, ya zauna a kan tabarma yana ta zagaye maganar, har na gane abin da ya kawo shi. Na faɗa wa mahaifinka, aka ɗebo mashi dawa ba tare da wata gardama ba. Da na tsaya nan, da na samu ladana cikakke. Amma yana ɗaure buhun a bayan keke sai na ce mashi da su ma mutanen Kafinsoli suna riƙon gaskiya da haɗin kai irin namu, da ba su ga haka ba. Ya gama ɗaurinsa a hankali, sannan ya dube ni.

"Kulu, Allah ya bar ku da gaskiyarku," ya ce. "Amma ki tambayi mijinki kamu nawa ake haƙawa a fadamarku kafin a iske ruwa."

Ya tafi da dawar, domin yara na jira. Sai dai daga ranar har ya koma ga Allah, yakan zo gidana ya gaishe ni, amma ko ruwa aka kawo mashi sai ya ce yanzu ya sha. Na daɗe ina ganin girman kai ne irin na maza. Sai da na yi hankali na gane gaskiya ya faɗa mani. Mun yi aiki, ba mu ci haram ba, amma Yaya Sule ma ya yi aiki, shi ma bai ci haram ba. Bambancinmu ruwa ne da ke kusa da ƙasa.

Don haka, Ɗanlami, in Allah ya buɗa maku, kuma ina fatan ya buɗa, ka gode mashi, ka kuma tuna da madatsar ruwan da na ji kun ce kun iske a wurin, wadda ba ku kuka gina ba. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da ku za su zo neman aiki ko taimako. In za ka ba, ka ba ka yi shiru. Wa'azin da aka yi wa mai yunwa yana riƙe da buhunka, ba ya shiga kunnensa, zuciyarsa yake huda.

Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Muna da maƙwabta, Ɗan'asabe da matarsa Ladi. Ba sa cikin waɗanda suka kafa garin, daga baya suka zo, aka karɓe su saboda an shaidi Ɗan'asabe da ƙarfin aiki. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ni da Ladi turmi ɗaya muke daka, wuta ma ta saman danga muke miƙa wa juna. Ita ta kwana a kaina ranar da na haife ka, kuma bayanta ka fi sani fiye da nawa har ka fara tafiya.

Wata damina aka fara ƙorafi a kan Ɗan'asabe. In an je gayyar noma sai a iske ya sare gero tare da ciyawa. Da farko dariya aka riƙa yi mashi, daga baya masu gona suka fara cewa ganganci ne, ya samu wuri ya saki jiki. Ba wanda ya faɗa mashi a fuska, domin mu ba ma faɗa. Sai dai aka daina kiransa. Wanda ba a kira shi gayya ba kuwa, ranar tasa mutane kaɗan ke zuwa. Gonarsa ta sha ciyawa, abin da ya girba bai taka kara ya karya ba. Duk da haka da kaka ya kai kasonsa rumbun gari cikakke, kamar na kowa, don kada a ce ya gaza.

Abin da ba mu sani ba, idonsa ne ke mutuwa a hankali. Bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, ya kuma hana ta faɗa. Yana tsoron a ce an karɓe shi don ƙarfinsa ga shi ya zama kaya.

Alamu kam na gan su. Da bazara ta kama, Ladi ta daina zuwa aron turmi. Wasu ranakun ba na ganin hayaƙi ya tashi daga madafarta. Yaranta suka riƙa raɓewa a ƙofarmu daidai lokacin da nake kwashe tuwo, ina zuba masu ina cewa a raina yara dai da kwaɗayi. Ita kanta ta rame, na tambaye ta sau ɗaya ta ce zafi ne. Na yarda, domin a kaina an riga an rubuta cewa a garinmu ba a yunwa. Da a Kafinsoli ne na ga maƙwabciyata haka, da tun ranar farko na gane.

Wata rana da tsakar rana, duk gari na fadama ana cirar albasa, na dawo gida ɗaukar abinci. Ina zagayowa ta bayan babban rumbu sai na ga Ladi tana saukowa daga tsani da zangarkun gero ƙunshe a zanenta. Muka haɗa ido. Na wuce, ta wuce.

Daga wannan lokacin har la'asar ina gida, tana gida, danga ce kawai tsakaninmu. Ina jin sautin sussukarta a hankali, irin na mai gudun kada a ji. Ba abin da ya hana ni leƙawa in ce, Ladi, lafiya? Ban leƙa ba. Ina zaune ina ta hura wa kaina wuta cewa an ci amanar gari, an ci amanata. Kuma in faɗa maka gaskiya, akwai wani abu a raina da ke jin daɗin cewa za a san ni ba na rufa wa ɓarna asiri ko da ta aminiyata ce. Da mahaifinka ya dawo na faɗa mashi. Ya tambaye ni ko na tabbata, ya sake tambaya. Ina jin so yake in ce ƙila ban gani da kyau ba. Na ce na tabbata. Shi kuwa yana cikin dattawan taro, tunda ya ji ba shi da ikon yin shiru.

Washegari, da yake Juma'a ce ranar zaman taro, aka taru a gindin tsamiya, maza a gaba, mu mata a baya. Malam Isiyaku ya ce in faɗi abin da na gani. Na miƙe na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ji wasu na cewa Allah ya yi mani albarka. Aka juya ga Ladi aka tambaye ta ko haka ne, ta ce haka ne. Malam Isiyaku ya tambaye ta me ya sa ba ta zo ta faɗi buƙatarta ba, alhali ta san rumbun don mabuƙata aka gina shi.

"Malam, ta wace ƙofa zan zo?" ta ce. "Ba mu da gawa, ba mu da majinyaci a kwance, mu ba baƙi ba. In na buɗe baki, roƙo ne, kuma kun ce a garin nan ba a roƙo."

Na duba inda Ɗan'asabe yake, ina jiran ya ce wani abu. Ko a nan bai ambaci idonsa ba. Ya ce kawai laifin iyalinsa laifinsa ne, ya amsa. Malam Isiyaku mutum ne mai tausayi, na san ransa bai so ba. Amma sai ya ce in aka ɗage doka saboda mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa dalilin, garin kuma ya watse. Aka yanke su tashi.

Ranar da za su tafi, gari ya loda masu hatsi a amalanke daga rumbun nan dai, wai kada a ce an kore su hannu wofi. Abin da aka ba su na sallama, da an ba su tun farkon bazara, da ya kai su kaka. Ladi ta zo ta ajiye mani taɓaryata da ke wurinta a bakin ƙofa. Kai kuma ka bi ta da gudu kana kuka sai ta goya ka, sai da na riƙe ka.

Ka lura, ban yi ƙarya ba. Abin da na faɗa a gindin tsamiya gaskiya ne, kuma shekaru na yi ina fakewa da wannan. Kuskurena shi ne na kai gaskiyar gaban taro kafin in kai ƙafata gidan maƙwabciyata. Kai yanzu an ɗora maka hukunci, kuma waɗanda za su riƙa kawo maka ƙara mafi yawansu gaskiya za su faɗa, kamar yadda na faɗa. Ka tambayi mai kawo ƙarar ko ya je ya ji ta bakin mutumin tukuna. In bai je ba, ka maida shi. Kai ma kafin ka tara jama'a, ka je gidan da kanka, ka zauna, ka duba madafa, ka duba yaran. Kuma tun yanzu da kuke tsara dokokinku, ka sa a bar hanyar da mutum zai ce ya gaza ba tare da an tara mashi mutane ba. Kun rubuta abin da za a yi wa mai cuta, na ji da kunnena. Ban ji abin da kuka tanadar wa wanda ƙarfinsa ya ƙare yana jin kunyar faɗa ba, kuma irinsa sun fi macuta yawa.

Ba a jima ba namu ya zo. Da zafin wata shekara sanƙarau ya shigo yankin, ya kama ka. Wuyanka ya sanƙare, jikinka kamar garwashi. Aka ce sai asibitin Kankiya, kuma magani sai an saya. Taron gari ba zai zauna ba sai Juma'a, mahaifinka kuwa ya ga ba za ka kai Juma'a ba. Ya ɗebi dawa daga rumbunmu ya loda, damina ko alamarta babu. A bakin gari wani dattijo ya tambaye shi ina zuwa, ya ce niƙa zai kai, injin gari ya samu matsala. Injin kuwa lafiyarsa lau, ana ma jin ƙararsa daga inda suke tsaye. Ya kai kasuwa ya sayar. Doka biyu ya karya a rana ɗaya, ta sayar da hatsi da ta ƙarya, kuma ba wanda bai sani ba.

Allah ya tashi kafaɗunka. Muka dawo gida ina jiran ranar da za a kira mu gindin tsamiya. Na riga na fara tunanin inda za mu nufa. Mutane suka yi ta zuwa sannu. Malam Isiyaku da kansa ya zo, ya dafa kanka ya yi addu'a, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ba a taɓa tada maganar ba.

Na yi murna, na yi sadaka, na ce mutanen garinmu masu tausayi ne. Wannan shi ne kuskurena na uku. Tausayin da aka yi mana daidai ne, ko yau aka maimaita zan ce mahaifinka ya sayar. Amma ban tsaya na tambayi kaina me ya sa aka samu tausayin a ranarmu aka rasa shi a ranar Ladi ba. Amsar a fili take. Mahaifinka da hannunsa aka sare ƙayar wurin, kowa abokinsa ne, korarsa kamar korar garin ne. Ɗan'asabe kuwa ɗan zuwa ne. Ya kamata a lokacin in matsa wa mahaifinka ya miƙe a taro ya ce ga abin da ya yi, tunda an yafe mashi a aika a dawo da waɗancan. Na yi shiru, domin shirun ya yi mani daɗi.

Kai ma abokanka na makaranta ne kuka haɗa wannan abu, kuma za ku ɗauki wasu daga baya waɗanda ba ku taso tare ba. Ranar da amininka zai karya doka tana nan tafe, kuma za ka samu dalilai masu kyau na kawar da kai. Ba na ce kada ka yi mashi sauƙi ba. Cewa nake ka yi shi a fili, ka faɗi dalili, don ya zama hakkin kowa. Duk sauƙin da ba za ka iya yi wa baƙo ba, kada ka yi wa aboki.

Daga wannan shekarar garin ya fara sauyawa, ba tare da an yi faɗa ko sau ɗaya ba. Kowa ya ga abin da ya samu Ladi, kowa ya ga abin da bai same mu ba. Sai mutane suka koyi ɓoyo. Mata suka riƙa ajiye ɗan hatsi a tukunya a ƙarƙashin gado, ni ma na ajiye. A taro kowa ya ce lafiya lau. Baƙi na zuwa da motoci muna share gari kamar kullum. Da labari ya iso cewa Ɗan'asabe ya makance a Kusada, kuma ciwon tun yana cikinmu ya fara, Malam Isiyaku ya kwana biyu bai fito ba. Daga baya ya aiki mahaifinka ya ce su dawo, gonarsu na nan. Ɗan'asabe ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka dama mashi fura, ya ce a gaida Malam, amma inda yake yanzu in ya rasa yakan faɗa, maƙwabta su ba shi ko su hana shi, kuma hakan ya fi mashi.

Bayan rasuwar Malam Isiyaku aka ci gaba da rumbu ɗaya na ɗan lokaci, sannan aka raba. Mu muka taso Kankiya saboda karatunku. Garin na nan har yau, ƙauye ne kamar kowane, da kwaɗo a ƙofofi. Har yanzu suna gayya fiye da maƙwabtansu, kuma har yanzu ana yarda da mudunsu a kasuwa. Aikin Malam bai tafi a banza ba.

Ladi kuwa sai bayan shekaru na sake ganinta. Na je biki Kusada, na ratsa kasuwa, na iske ta zaune gaban faifan daddawa. Na yi niyyar wucewa, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar jiya muka rabu, ta tambaye ni kai, ta ce ko ka daina tsoron akuya. Na fara ba ta haƙuri, maganar na sarƙe mani. Ta bari na gama, sannan ta ce ta daɗe da yafe maganar gindin tsamiya, domin abin da na gani na faɗa. Wunin nan da na yi a bayan danga ina jin sussukarta ban leƙo ba, shi ne ya daɗe bai bar ta ba. Ta ce tana ta jira in shigo ko da zaginta zan yi.

Daga nan na riƙa zuwa lokaci-lokaci. Tana karɓata da fara'a, ta shimfiɗa mani tabarmar baƙi, ta hana ni taɓa komai. Na gane matsayina, ban yi ƙorafi ba. Haka muka yi ta tafiya har bara waccan da Ɗan'asabe ya rasu. Ka tuna na je na kwana uku. Da na isa gidan cike yake, na samu gefe cikin masu gaisuwa na zauna. Can Ladi ta ɗago ta hango ni. Ta kira ni da hannu, na matsa, na zaci gaisuwa za ta amsa.

"Kulu, zama kika zo yi?" ta ce. "Ga gero can an jiƙa na gumba, yaran nan ba su iya ba. Tashi ki kama masu."

Na tuɓe mayafina na ɗaura ɗamara. Rabona da daka mai yawa an daɗe, kafaɗuna sun yi mako suna ciwo, amma ban taɓa yin aikin da ya yi mani daɗi kamarsa ba.

To, ka ji abin da ya sa na yi shiru ranar da ka shigo da murna. Ban hana ka tafiya ba, kuma ban ce ku fasa abin da kuka ƙulla ba. Abu ne mai kyau mutane su ce za su zauna ba cuta, kuma na fi son ka gwada ka yi kuskure a kan ka zauna a nan kana zagin zamani a bakin titi. Ka dai riƙa tambayar Zainabu abin da take gani, domin mata ke fara sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, kuma in ta faɗa maka ka riƙe a cikinka. Ita ma ka bar ta ta ce ta gaji in ta gaji, kada ka maida gidanka abin nuna wa baƙi. In kai kanka abin ya yi maka nauyi, ka faɗa tun da wuri. Ɗakinka na nan, ba zan zuba kaya a ciki ba.

Na sa maku daddawa da kuka da yaji a cikin bokitin nan mai murfi, a hannun Zainabu. Man shafawar yarinya na cikin jakarta. In kun isa ka kira ƙanwarka, ita za ta ba ni wayar.

Allah ya tsare gabanku da bayanku. Ya ba ku damina mai albarka da maƙwabta na gari. Ya sa ka yi hukunci kana tsoronsa, ya kuma haɗa ka da masu yi maka uzuri ranar da kai ma za ka buƙata. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mani. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Kulu